Ɓaunar ruwa da zafin Damagaram

Wani marubuci da ya yi rubutu kan ɓaunar ruwa, wato dabbar gida mai kama da saniya, ya faɗi gaskiya cewa a Asiya aka fara kiwonta, amma bai bambance irinta biyu ba. Ta kogi, wadda ake tatsa a Indiya da Pakistan da Masar har Italiya, ita ce mai yawan madara. Ta fadama kuwa huɗar gonakin shinkafa take yi a Sin da Tailan. Ga amsata ga wani mai sharhi kan rubutun, wanda ya ce a kawo ɓaunar ruwa Damagaram: dabbar ba ta zufa sosai, sai ta kwanta cikin taɓo take samun sanyi. Idan tafkunanmu suka ƙafe da bazara, ƙasa ta tsattsage, ina za ta kwanta? Ba gara a inganta shanun Azawak ba?