Ƙanƙara, Maigadin Gidanmu

Sau biyu aka haura katangar gidana a Hotoro cikin wata guda. Karon farko aka ɗauke batirin sola, karo na biyu aka dawo aka kwashe wayoyin da suka rage, kamar mai komawa kanti karɓar canji. Shi ya sa da ƙanin matata ya ce aiki ya mai da shi Abuja, kuma mai gidan hayar can ya ce ban da kare, ban tsaya shawara da kowa ba, na ce a kawo mini karen nasa.

"Yaya, wannan ba irin karnukan bola ba ne," in ji shi. "Husky ne. Ɓarawo ya yi ido biyu da shi, sai ya manta abin da ya kawo shi."

Ranar da aka sauke shi daga mota ni kaina sai da na ja da baya. Kunnuwa a tsaye, fuska fari da ruwan toka kamar an zana, jela buzu-buzu a lanƙwashe, ga idanu shuɗaye garau. Kyarkeci sak, irin na talabijin. Hajiyarmu na kan tabarma tana jan carbi, ta ɗago ta ce, "A'uzubillahi! Wannan kare ne ko mutanen ɓoye?" Nan take ta kafa doka: na gadi dai an yarda a ajiye, amma iyakarsa tsakar gida, kuma duk kwanon da ya sa wa baki, wanki bakwai.

Daren farko na kwanta ina jiran haushi. Wajen ƙarfe biyu wata mota mai jiniya ta wuce ta titin Maiduguri, sai gogan ya ɗaga baki sama ya amsa mata. Wani kuka ne dogo mai kaɗawa, kamar an aiko wa mace da rasuwa. Da asuba dattijon da muke katanga ɗaya ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci. "Alhaji, lafiya gidan kuwa? Mu dai mun kwana muna neman tsari." Ashe irinsu ba su cika haushi ba. Kuka ne da gunaguni, in ka yi masa faɗa ya mayar maka da ƙunƙuni kamar ɗan shekara sha biyar.

Sai Afrilu ya kama, zafin nan na Kano da ke haura digiri 40. Kare ya tona rami a gindin randa ya shige, harshe a waje kamar silifas. Rannan aka kawo wuta da rana, na shigo falo na tarar da shi shame-shame a kan tayil, ya tare gaban fanka, yara suna gefe suna gumi. Na ce to, gobe sai wurin mai aski, a yi masa ƙwal kowa ya huta. Allah ya sa na fara biyawa ta wurin likitan dabbobi.

"Malam, kada ka soma," ya ce. "Gashin nan hawa biyu ne, na ciki mai laushi, na waje mai kauri. In ka aske, rana ce za ta ƙona masa fata. Ka san daga ina ka ɗauko shi kuwa?"

Na ce daga Nassarawa.

Ya yi dariya har da dafa tebur. Ya ce asalinsu can ƙarshen Siberiya ne a ƙasar Rasha, wurin wata al'umma da ake kira Chukchi, aikinsu jan kaya a kan dusar ƙanƙara. A 1925 da mashaƙo ya ɓarke a garin Nome na Alaska, tawagogin karnuka, da irin nasa a ciki, su suka kai magani, tafiyar sama da kilomita 1,000 cikin kwana biyar da rabi. Kamar daga nan zuwa Legas ke nan, a ƙafa, cikin sanyin da ke daskarar da yawu. Ya ce a ba shi inuwa da ruwan sanyi, a fita da shi gudu kafin rana ta fito, in ba haka ba zai tone mini gida. Maganar gadi kuwa, da na kawo ta sai ya hau rubuta takarda kamar bai ji ba.

Tun daga ranar na shiga layin masu sayen ƙanƙara. Kowa na saya don zoɓo da kunun aya, ni ina saya don kare. Sunan da yara suka raɗa masa ke nan.

Fita gudun ita ce ta ƙarasa zubar mini da girma. Na fito bayan asuba da jallabiya da hula, igiya a naɗe a hannu. Ina buɗe ƙofa ya tuna sana'ar kakanninsa, ni kuma na zama kayan. Hula ta faɗi a kwana ta farko, takalmi ɗaya ya tsaya a kwata. Almajirai suka biyo mu da ihu, "Ga mai kura! Ga mai kura!" Da ƙyar na samu na naɗe igiyar a turken wuta ina haki. Wani bawan Allah ya matso a hankali, ya ajiye mini naira ɗari a ƙasa, ya rage murya ya ce, "Malam, ba ka da na ciwon baya?"

Duk na haƙura, don ina ganin ranar da zai biya ni tana tafe. Ta kuwa zo a watan Mayu. Na farka na ga ƙofa a buɗe, babu janareto, babu kare. Na ce shi ke nan, sun haɗa da shi, ko sun ba shi guba. Uwargida har ta fara hawaye. Na fita neman gawa, sai ga Ƙanƙara zaune a teburin mai shayin bakin titi, ana jefa masa burodi yana cafewa.

"Ai da assalatu suka wuce da wani mai kaya a kafaɗa," in ji mai shayi. "Yana gaba yana kaɗa jela, har da lasar masa hannu. Wallahi na ɗauka ɗan gidanku ne. Af, ya ci ƙwai biyu, Alhaji."

Na biya kuɗin ƙwai. Na kira ƙanin matata, ya saurare ni tsaf, ya ce, "Yaya, ni fa ban taɓa cewa yana cizo ba."

Na shigo gida da niyyar yau sai ya bar gidan nan, ko da a akori-kura ne. Na tarar da Hajiya ta sa an jawo tabarmarta kusa da randa, tana yi masa fifita da maficinta. Ko zancen janareto ba ta yi ba. Ta ce, "Kai, rana ta fara yi. An sayo wa yaron nan ƙanƙararsa kuwa?"