Cutar da ke cinye jijiyoyin motsi, ina kuɗin bincikenta?

Akwai wata cuta da likitoci ke kira MND, wasu su ce ALS, tana kashe jijiyoyin da ke ba tsoka umarnin motsi. Da farko mutum ya kasa sa maɓallin riga ko silifas ya riƙa suɓuce masa, sai harshe ya yi nauyi, haɗiyar koko ma ta gagara, daga ƙarshe numfashi, kuma galibi hankalinsa garau yana ji yana gani. Yawanci shekara 2 zuwa 5 ake yi bayan an gano ta. Masanin kimiyya Stephen Hawking da ya haura shekara 50 da ita, nasa daban ne.

A nan Kaduna in ta kama mutum sai a ce jifa ne ko shanyewar ɓarin jiki, a yi ta yawo wajen masu magani, kafin a dangana da asibitin Shika ko na Barau Dikko an sayar da fili an sayar da awaki.

Na san za a ce maleriya da kwalara sun fi kashe mu, kuma haka ne. To amma ba kasafai kamfanin magani ke zuba kuɗinsa kan cutar da masu ita ba su da yawa kuma talakawa ne ba, in gwamnati ba ta yi ba wallahi babu mai yi. Gwamnatin Birtaniya ta yi alƙawarin fam miliyan 50 don binciken cutar a 2021, duk da haka maganin cutar mai suna riluzole da aka amince da shi tun 1995 'yan watanni kawai yake ƙara wa mara lafiya. Ga shi mafi yawan binciken ƙwayoyin gado a jikin Turawa aka yi shi, mu fa? Farfesa Osuntokun na Ibadan ya yi nazarin cutar a jikin 'yan Najeriya tun 1974, yanzu shekara 50 ke nan har da ɗoriya.

Ni ba biliyoyi nake nema ba. Hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu na da asusun bincike, a ware wa jami'o'in ABU da KASU wani abu su buɗe rajistar masu cutar a Arewa, a sayi na'urar gwajin jijiya da tsoka, a horar da likitocin jijiya a kuma biya su abin da zai zaunar da su a gida. Kashi 15 na kasafi da aka yi wa lafiya alƙawari a Abuja a 2001, har yau Najeriya ba ta cika shi ba, 'yan majalisarmu su tayar da maganar a zaman kasafi mai zuwa.