Uwargidan Macbeth ta fi ƙarfin "muguwar mace" kawai

Duk wanda ya yi adabin turanci a sakandire ya san yadda ake koyar da matar Macbeth, ta cikin wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna Macbeth: muguwa ce, ita ta zuga mijinta ya kashe sarki Duncan da ya sauka a gidansu, daga baya ta zautu ta mutu, a rubuta a jarrabawa a wuce wurin. Gaskiya abin nan yana damuna, don Shakespeare ba don a haddace ya rubuta ta ba, don a fito da ita gaban jama'a ne, kuma duk wadda ta hau dandali da sunanta wata mace daban take fitarwa.

A zamaninsa ma ba mace ke yin ta ba. Lokacin mata ba sa hawa dandali a Ingila, samari da muryarsu ba ta fashe ba ake sa wa kayan mata. Sai a 1660, bayan Sarki Charles na biyu ya dawo mulki, aka ga mace ta fito a matsayin Desdemona a wani wasansa mai suna Othello, shi kuwa marubucin ya mutu tun 1616.

To ku duba abin da 'yar wasa Sarah Siddons ta yi da ta fito a matsayin matar Macbeth a 1785 a gidan wasan Drury Lane da ke Landan. Akwai wurin da matar take tafiya cikin barci tana ganin jini a hannunta, kafin Siddons an saba 'yar wasa ta riƙe kyandir har ta gama, ita kuwa ta ce sai ta ajiye shi, ta yaya mutum zai wanke jini da hannu ɗaya? Sheridan mai kula da gidan har roƙonta ya yi kar ta saɓa al'ada, ta ƙi ji, ta ajiye kyandirin ta shiga murza hannu da hannu kamar za ta saɓule fata, jinin da babu mai ganinsa sai ita. Ranar da ta yi bankwana da dandali a 1812, da aka zo ƙarshen wannan wurin 'yan kallo ba su bari an ci gaba da wasan ba, nan aka tsaya.

Ellen Terry a 1888 wata hanya ta bi, da rigarta mai ado da fukafukan ƙwaro masu sheƙi, ta yi ta a matsayin mace mai son mijinta har son ya rufe mata ido.

Na san wasu za su ce ai wannan wanke mai laifi ne. A'a fa. Matar Macbeth ce ta ɗauki wuƙaƙen da aka yi kisan da su ta mayar, ta shafa wa masu gadin sarki jini don a ɗora musu, ba mai goge mata wannan. Amma kuma da bakinta ta ce ba don Duncan ya yi kama da babanta a cikin barci ba da ita za ta kashe shi da kanta, ta kuma ce ta taɓa shayar da jariri. Waɗannan maganganun suna nan a rubuce, mai karatu da sauri tsallake su yake yi, amma 'yar wasa dole ta faɗe su da murya da fuska, dole ta yanke shawara ko da taurin rai za ta faɗa ko da rawar murya.

Ni dai ta Judi Dench na fi yarda da ita, wadda ta yi da Ian McKellen a matsayin Macbeth a 1976 a wani ɗan ƙaramin ɗakin wasa a garin Stratford na Ingila, ba wani kayan ado, aka kuma ɗauke ta aka nuna a talabijin a 1979. Tun wurin da take kiran aljanu su cire mata tausayi za ka ga ita kanta ta tsorata da abin da take kira, shi ya sa da ta saki wata doguwar ƙara a wurin wanke hannu ba ka mamaki, tun farko ka ga ba za ta iya ɗauka ba.