Ɗan Hakin Da Muka Raina: Nasiha Ga Matasanmu Mazauna Legas

Idan ka tambayi kowane ɗayanmu abin da ya fi damunsa a zaman Legas, amsar a bakinsa take: cunkoson motoci da ke cinye wa mutum rabin safiya tsakanin Agege da Obalende, da 'yan tashar nan da ake kira agbero waɗanda ba sa gajiya da miƙa hannu, da masu gidajen haya da ke neman kuɗin shekara guda a dunƙule kafin su ba ka makulli. Duk wannan gaskiya ne, amma babu ko ɗaya daga ciki da gyaransa yake hannunmu. Ɓacin ran da na ga ya fi raba abokai a garin nan daga ƙananan abubuwan da muke yi wa junanmu yake fitowa, waɗanda mai yin su ba ya ko tuna ya yi, wanda aka yi wa kuma yana jin nauyin faɗa don kada a ce ya cika ƙorafi.

Farkon zuwana, mu shida muke kwana a ɗaki ɗaya a Agege, cikin irin gidajen nan masu ɗakuna suna kallon juna, banɗaki ɗaya ga kowa da kowa. Ruwa kuwa saye ake yi a wurin mai ruwa, jarka-jarka, da kuɗin karo-karo. Akwai wani a cikinmu, mutumin kirki wanda jam'i ba ya wuce shi, amma yana da hali guda: idan ya gama da buta sai ya ajiye ta babu ko ɗigo, ya kuma bar jarka a buɗe. Ka tashi da asuba cikin duhu, ana shirin tayar da salla, ka sunkuya ka ɗauki buta ka ji ta sakayau a hannunka. Wata da watanni babu wanda ya ce masa uffan, har da ni mai wannan rubutu. Maimakon magana, sai kowa ya sayi tasa butar yana ɓoyewa a bayan jaka, gaisuwa ta koma a taƙaice, idan ya shigo hira ta mutu. Ranar da abin ya fashe, a kan cajar waya aka yi faɗan, aka gaya wa juna maganganun da ba su da alaƙa da caja, washegari ya tattara kayansa ya bar mana ɗakin.

Yau waya ce ta gaji butar. Mutum ya yini yana sauke buhunan albasa a kasuwar Mile 12, ko ya fita tun kafin asuba zuwa mayankar Oko-Oba, ya dawo jikinsa duk ya yi tsami, ya kwanta, sai na kusa da shi ya buɗe bidiyo da ƙarfi yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai har ƙarfe ɗaya na dare. Wani kuma wa'azi yake kunnawa, yana ganin tunda maganar Allah ce babu mai ikon cewa a rage murya, alhali malamin da yake saurare da kansa zai gaya masa cewa hana musulmi barci cutarwa ce. Abin sawa a kunne bai kai kuɗin katin da yake ƙonawa a mako ba. Sannan ga mai saƙon murya na minti bakwai a WhatsApp, wanda zai gaishe ka, ya gaida iyali, ya tambayi ruwan sama, ya yi tari, kafin a minti na shida ka gane rancen dubu biyu yake nema, kai kuma kana tsaye cikin motar haya ta danfo an matse ka, hannu ɗaya a aljihu kana tsaron wayar. Gaisuwa al'adarmu ce mai kyau, ba na so mu yar da ita, sai dai wanda ka san yana bakin aiki, ka gaishe shi a taƙaice ka faɗi buƙatarka. Haka nan wanda ka miƙa wa waya ya ga hoto guda, sai ya shiga zazzaga sauran hotunan har na matarka, wannan ya wuce rashin lura, leƙen asiri ne.

Ba zan daɗe a kan saɓa lokaci ba, domin kowa ya san kansa. Ka kira mutum ya ce maka ga shi nan a Oshodi, alhali kana jin ƙarar ruwan wankansa. Mun mayar da cunkoson Legas mayafin ƙarya, har ta kai wanda cunkoson ya riƙe da gaske ba a yarda da shi.

A masallaci ma ba mu tsira ba. Mutum ya fito alwala ya zura takalmin wani, wai yanzu zai dawo, mai takalmi ya idar da salla ya tsaya a kan tsakuwa yana raba ido. Wani ya ajiye babur ya tare ƙofa. Wani kuma waya ta yi ta kiɗa a aljihunsa tun daga raka'ar farko har sallama. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa kusantar masallaci, ba don cin su haramun ba ne, sai don warin yana cutar da na kusa da shi a sahu. Idan shari'a ta kula da warin baki har haka, ina ga rigar da aka yini ana gumi a cikinta? Sabulu da canjin riga ba su fi ƙarfin kowa ba.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne idan waɗannan halaye suka tsallaka zuwa maƙwabtanmu waɗanda ba Hausawa ba. Ɗan uwanka zai haɗiye ya ce zo mu zauna zo mu saɓa, amma Bayerabiyar da ta share ƙofar shagonta ta tarar an yi alwala ruwa ya kwanta, ko an tofa yawun goro a jikin bango, ba sunanka za ta riƙe ba, cewa za ta yi aboki ne ya yi, wato sunan da suke kiran kowane Bahaushe da shi, kuma wannan suna ya shafe ka ya kuma shafi dattijon da ya shekara arba'in a unguwar bai taɓa faɗa da kowa ba. A hadisin da Muslim ya ruwaito, an gargaɗe mu game da abubuwa biyu masu jawo tsinuwa, wato biyan buƙata a kan hanyar mutane ko a inuwarsu. Manyanmu na Idi-Araba ba su manta da watan Fabrairun 2002 ba, lokacin da aka yi asarar rayuka da gidaje a rikicin da aka ruwaito cewa ya faro ne daga taƙaddama a kan wurin bahaya. A watan Maris na 2016 kuma rikicin Mile 12, wanda aka danganta farkonsa da ɗan acaba da ya bi hannun da ba nasa ba, ya sa aka rufe kasuwar na kwanaki, kayan gwari kuwa ba ya jiran sulhu. Ban ce laifin namu ne mu kaɗai ba, domin akwai masu jiran ƙiris su huce tsohon haushi. Amma tunda mun san da su, bai kamata mu riƙa miƙa musu ashana ba.

Wanda abu ya dame shi shi ma akwai nasa aikin. Ya ja ɗan uwansa gefe, ba a gaban jama'a ba, ba kuma da habaici a shafin Facebook ba, ya gaya masa tun abin yana ƙarami. Wanda aka gaya wa kuma ya daure kada ya ce a kan wannan ɗan abin ake tsare shi, domin shi sau ɗaya ya ji maganar, mai faɗar kuwa wataƙila ya kwana talatin yana juya ta a ransa.

Bara na haɗu da mutumin nan na buta a kasuwar Alaba Rago, ana saura kwana uku Babbar Salla, ya zama dillalin raguna har da yara a ƙarƙashinsa. Muka zauna a kan benci ya sa aka kawo shayi, cikin raha na gaya masa ainihin abin da ya haɗa shi da 'yan ɗakinmu. Ya ajiye kofi ya dube ni ya ce, "Malam, buta? Wallahi duk shekarun nan na ɗauka don na fi ku samun ciniki ne kuka tsane ni." Da aka kira la'asar shi ya riga ni tashi, ya ɗebo ruwa ya cika butoci biyu, ya miƙo mini ɗaya.