Wa yake tambayar lafiyar ranka?

Ɗakin sujadar Metodis mafi tsufa a duniya yana nan Biristol, garin da nake zaune a Ingila, a tsakiyar kantuna. John Wesley, wanda ya kafa wannan ɗariƙa ta Kirista, ya gina shi a 1739, kuma bashin ginin ne ya haifar da abin da na fi daraja a tarihinmu. A 1742 aka kasa masu bi rukuni-rukuni, mutum wajen goma sha biyu, kowa na ba da kwabo ɗaya a mako. Masu bin gidaje karɓar kwabon sai suka riƙa tarar da wani a buge, wani yana rigima da matarsa. Daga nan rukunin ya koma zama na mako-mako, inda ake tambayar kowa yadda ransa yake da Allah.

Koyarwar Wesley ke nan a aikace. Ceto kyauta ne ta wurin alheri, amma mafari ne kawai. Dole mai bi ya yi ta girma har ƙaunar Allah da ta maƙwabci su mallaki zuciyarsa tun a wannan duniya, kuma ba wanda zai kai can shi kaɗai.

Metodis na Ingila mutanen kirki ne, ba na musu. Suna tara abincin gwangwani don marasa hali, da hunturu su buɗe majami'a wanda ba shi da kuɗin ɗumama gida ya shigo ya sha shayi. Wa'azin Wesley 44 har yau suna cikin ma'aunin koyarwarsu. Amma za ka shekara kana sujada da mutum, hirarku ba ta wuce ruwan sama ba. Ka tambaye shi ko yana addu'a, sai ya ga ka shiga abin da ba ruwanka. Wannan yana damuna ƙwarai.

A gida, wajen Jalingo da Bambur, kullum ina jin ana ƙorafin cewa mun mai da tsarki jerin hani: kada burkutu, kada mace ta shiga sujada ba ɗankwali. Akwai gaskiya a ciki, kuma horon ikilisiya ya fi sauka a kan yarinyar da ta yi ciki fiye da dattijon da ya ci kuɗin baikon ikilisiya. Duk da haka, ku dubi zumuntar mata. Mace ta yi fashin taro sau biyu, da yamma sai ga ’yan uwa uku a ƙofarta: “Mama, lafiya muka ji ki shiru?” Su zauna a tabarma, su ji damuwarta, su tsawata mata in ta kama, su yi addu'a, wata ta kwance bakin zane ta ba ta kuɗin magani. Yawancinsu ba su taɓa jin labarin kwabon Biristol ba, amma a ganina su suka riƙe gadon.

Rigingimun koyarwa da suka raba Metodis a shekarun nan, har a Taraba, manya ne, ban raina su ba. Sai dai ko wane ɓangare mutum ya bi, ina so mu mazan ikilisiya mu ma mu samu irin zaman nan na mako-mako, mutum goma sha biyu, a gida da nan Ingila.