Ko ido ko kunne, in ba haka ba babu shiga

Wai don Allah wa ya gaya wa masu ƙera manhajoji cewa duk wanda ba ya gani, to kunnensa lafiya lau? Za ka buɗe asusu a intanet, sai a ce ka tabbatar kai mutum ne: zaɓo hotunan da ke da mota. Ba ka gani? Ga maɓalli nan, saurari murya ka rubuta abin da ka ji. Shi ke nan, su a wurinsu an gama da masu buƙata ta musamman. Wanda ba ido ba kunne fa, ya yi yaya?

Ƙanwata na da ciwon Usher. Kurma aka haife ta, ganin kuma ya riƙa tsukewa har ya tafi. Tana da na'urar rubutun makafi, wadda 'yan tsinkayenta ke tasowa su koma ƙarƙashin yatsa. Ta Bluetooth ake haɗa ta da waya, VoiceOver, manhajar da ke karanta abin da ke allon iPhone, ya riƙa turo mata rubutu layi-layi. Saƙo, labarai, lissafi, duk da kanta take yi. Amma rubutu kawai na'urar ta sani. Hoto ko murya ba ruwanta da su. In kuma mai manhaja ya yi ganda bai sa wa maɓallai suna ba, abin da yatsanta zai taɓo shi ne "maɓalli, maɓalli, maɓalli". Wanne ne tura kuɗi, wanne ne soke? Oho.

Na banki ya fi ƙona min rai. Aka toshe asusunta, aka ce sai an kira ta an tantance. Na ce ba ta ji. "Malam, ai dole mai asusun ta yi magana da bakinta." Na ce to a yi a rubuce. Wai tsarinsu bai ba da dama ba. Ƙarshenta mace baliga da hankalinta ta miƙa min lambar sirrinta, abin da su da kansu kullum suke gargaɗin kada a ba kowa!

Asibiti ma haka. Ba tafinta mai maganar hannu cikin hannu, likita ni yake kallo yana tambayar "me ke damunta?", ita kuwa tana zana min a tafin hannu: "Yaya, me ya ce?" Akwai ciwon da mace ba za ta so wanta ya ji ba, amma ina.

Kada wani ya ce min abin sabo ne. Louis Braille ya fito da rubutun makafi mai ɗigo shida tun 1824. Tun 1887 malama Anne Sullivan ta fara rubuta wa ɗalibarta Helen Keller, makauniya kurma, kalmomi a tafin hannu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa ta ambaci makafi kurame ƙarara, sashe na 9 kuma ya wajabta sauƙaƙa hanyoyin sadarwa. Ƙasashe sun rattaba hannu.

Ku buɗe hanyar tantancewa a rubuce, ku sa wa maɓallanku suna, ku nemo tafinta kafin ranar ganin likita. Wanne ne a ciki ya gagare ku?