Tsiron da ke reto a bishiyoyin kudancin ƙasar Amurka ba kauci ba ne

A jihohin Luwiziyana da Jojiya da Fulorida akwai wani tsiro mai ruwan toka da ke reto daga rassan manyan itatuwa kamar gemun dattijo. Masana na kiransa Tillandsia usneoides. Masu gidaje da yawa a can sun ɗauka shi ke tsotse bishiya har ta bushe, mu ma da muka saba ganin kauci a kan kaɗanya da ɗorawa haka za mu zata. Ba haka abin yake ba.

Kauci yana huda reshe ne ya sha ruwan bishiyar. Wannan kuwa ba shi da saiwa sam, reshe wurin ratayewa ne kawai a gare shi. Jikinsa lulluɓe yake da ƙananan ɓawo masu kama ruwan sama da raɓa da ƙurar da iska ta kwaso, sannan ya haɗa abincinsa da hasken rana. Danginsu ɗaya da abarba.

To me ya sa ya fi yawa a bishiya mai ciwo? Idan ganye ya fara zuba, haske ya fi isa gare shi, sai ya yi ta yaɗuwa. Cutar ce ta riga shi zuwa. Illarsa ta gaske nauyi ce: in ya yi cunkus ya jiƙe, yana iya karya ruɓaɓɓen reshe ko ya tare wa ganye rana. A nan sai a rage shi da hannu, a kuma duba saiwar bishiyar da ƙasar da take ciki.